Baba ya rasu yana kukan ciwo a gadon asibiti: sakaci ne ko ƙaddara?

Tambaya: "Mahaifinmu ɗan shekara 79 ne. Ciwon dajin mafitsara irin na maza ya daɗe yana cin sa, har ya shiga ƙashin bayansa. Da jiki ya tsananta muka kai shi wani babban asibiti. Kwana biyu ya yi a ɗakin gaggawa kafin a samu gado, sannan ya yi kwana tara a ɗakin maza ya cika. Ni ne na yi jinyarsa. Kullum cikin ihu yake, sai na yi ta bin nas kafin a yi masa allura, bayan awa biyu ciwo ya dawo. Bayansa ya yi gyambo. Babu likitan da ya zaunar da mu ya gaya mana halin da ake ciki, ana gobe zai rasu ma sai da aka rubuto mana gwajin jini da hoto. Daren da ya cika sau uku ina zuwa kiran nas, ba ta zo ba sai da rai ya yi halinsa. Yayanmu ya ce mu bar wa Allah, kwana ne ya ƙare. Ni kuma na kasa barci. Sakaci ne ko ƙaddara? Mu ne muka yi kuskure da muka kai shi? Akwai abin da za mu iya yi?"

Amsa:

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ciwon da ya sha ya zame masa kaffara, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashi.

Ɗana, ni ma'aikaciyar jinya ce. Na yi shekara talatin da 'yan kai a bakin aiki kafin na yi ritaya, mafi yawansu a ɗakin maza, kuma a shekarun ƙarshe na samu horo kan kula da waɗanda ciwonsu ya wuce warkewa. Wasiƙarka ba baƙon labari ba ce a wurina. Na san ƙarar takalmin ɗan jinya yana safa da marwa tsakanin gado da teburin nas da ƙarfe biyun dare, don na sha zama a bayan teburin nan. A kan abin da ka faɗa zan yi maka magana, kuma ba zan ɓoye maka komai ba.

Yayanka ya yi gaskiya a abu ɗaya. Ciwon dajin da ya bazu zuwa ƙashi, a jikin dattijon da ya kusa tamanin, har ya kai shi ga kwanciya, ba a warkar da shi a Kano, ba a warkar da shi a Masar ko Indiya. Ana iya danne shi a ja lokaci da magungunan da ke rage sinadarin maza a jiki, wani lokacin shekaru ma, amma idan ya fi ƙarfin waɗannan, tafiya ta zo. Ko da likita goma ne a kansa a daren nan, Baba zai amsa kira. Sai dai ajali lokaci ne da Allah Ya yanke, kwana tara na ihu kuwa yana da hannun mutane a ciki. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke, ya juya da jama'arsa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Ya ce masa i, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sauƙin ciwo ma ƙaddara ne, kuma ana samun sa ne ta hannun wanda ya tashi ya kawo magani. Saboda haka amsar tambayarka ta farko: rasuwar ƙaddara ce, wahalar da ta gabace ta kuma akwai gazawa a cikinta, gazawa babba.

Bari in daɗe a kan ciwon, don shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Daji idan ya shiga ƙashi yana cikin mafi zafin raɗaɗin da ɗan Adam ke ɗanɗana. Ba ya hutawa dare da rana, tari kaɗan ya tayar da shi, gyara filo ma sai ya zama tashin hankali. Amma kuma ciwo ne da aka daɗe da sanin yadda ake kwantar da shi. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida mai hawa uku ta maganin ciwon masu daji: a fara da mai sauƙi irin farasitamol, in bai yi ba a hau zuwa matsakaici irin kodin ko tiramadol, in bai yi ba a hau zuwa mai ƙarfi, wato mofin. Wanda ya zo yana ihu ba a sa shi bin matakala ɗaya bayan ɗaya, kai tsaye ake kai shi hawa na uku. Ƙa'idar ta kuma ce a ba da maganin ta baki muddin mutum yana iya haɗiya, sannan a ba shi a kan agogo. Wannan maganar agogon ita ce wurin da muka fi faɗuwa. Mofin na ruwa da ake sha yana aiki kamar awa huɗu a jiki, don haka duk bayan awa huɗu ake ba da shi, majinyaci ya yi kuka ko bai yi ba, domin na gaba ya tarar da na baya bai gama sakin jiki ba. Sai a ware wani ɗan kaso a ajiye saboda ciwon da kan ɓallo a tsakani, musamman kafin a juya shi ko a wanke masa jiki.

Abin da ka kwatanta kuwa, a jira sai dattijo ya yi ihu, a tura ka kemis, ka dawo ka shiga neman wanda zai yi allurar, a yi, bayan awa biyu a koma gidan jiya, wannan tarar yoyo ne da ludayi alhali rufin ɗaki a buɗe yake. A asibitocinmu allurar da aka fi kai hannu gare ta a irin wannan hali ita ce fentazosin. Aikinta gajere ne, tana da iyakar da in an wuce ba ta ƙara sauƙi, kuma tsofaffi takan ruɗa su har su riƙa gane-gane. Ko a yi diklofenak, wanda kan taɓa ƙodar dattijo ya kuma tsokano gyambon ciki. Babu ɗaya a cikinsu da aka yi don ya riƙe mai dajin ƙashi na tsawon kwana tara.

To me ya hana a ba shi mofin? Ba tsada ba ce, yana cikin magunguna masu arha. Tsoro ne, da kasala, da rashin horo. Mu kanmu ma'aikata da yawa an tashe mu a kan cewa mofin yana tsayar da numfashi, yana gaggauta mutuwa, yana mai da mutum ɗan ƙwaya. Iyalai ma haka suke ji, na sha ganin ɗa ya riƙe hannuna ya ce kar a ba mahaifinsa, wai allurar ƙarasawa ce. Alhali idan an fara da kaɗan ana ƙarawa daidai da ciwon, ba ya rage wa kowa kwana, kuma maganar zama ɗan ƙwaya ba ta taso ba ga wanda daji ke cin ƙashinsa. Abin da ake lura da shi shi ne yana ɗaure ciki, don haka tare da maganin sassauta ciki ake ba da shi, kuma idan ƙoda ta yi rauni ana rage shi ko a tsawaita tazara. Sannan ga ɗawainiyar takarda: yana cikin akwati mai makulli, akwai littafin da ake rubuta duk abin da aka ɗiba, makullin yana hannun mutum ɗaya. Ga likitan da ya kwana bai runtsa ba, rubuta fentazosin ya fi sauƙi. Bayan da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, ga kuma kamen tiramadol da ake ta yi, tsoron ya ƙaru. Yaƙi da shaye-shaye dole ne, mun ga abin da ya yi wa matasanmu, amma dattijon da ke mutuwa bai kamata ya biya bashin da bai ci ba.

Kuma kar ka ɗauka abin ya gagari ƙasashe irin namu. A Yuganda wata likita mai suna Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa gidan kula da masu ciwon ajali a 1993, ana haɗa mofin na ruwa a zuba a kwalba a kai wa majinyaci har ɗakinsa. Zuwa 2004 dokar ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo izinin rubuta shi da kansu. A nan gida, Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun yi shekaru suna wannan fafutuka a asibitin koyarwa na Ibadan, inda aka buɗe sashen wannan kulawa a 2007. Daga 2012 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta shiga shigo da garin mofin don a riƙa haɗawa a manyan asibitoci, a 2021 kuma ta fitar da manufa ta ƙasa kan kula da masu ciwon da ba ya warkewa. Duk da haka, wani babban rahoto da mujallar likitoci ta Lancet ta fitar a 2017 ya nuna abin da Najeriya ke samu na irin wannan magani bai kai kashi 1 cikin 100 na buƙatarta ba. Baba yana cikin ragowar da ba su samu ba.

Gyambon bayan nan ma daga ciwon ya samo asali. Wanda ba ya iya motsa kansa ana juya shi duk bayan awa biyu, dama, baya, hagu, a sa filo tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin ƙafa don dunduniya ta tashi daga katifa, a tabbatar zanin gado a bushe yake ba lema ba tattara. Wuraren da ake dubawa su ne ƙasan gadon baya, da kwankwaso, da dunduniya, da kafaɗa. A baƙar fata ba ja yake fara yi ba, wurin ne yake ƙara duhu ya yi ɗumi ya yi tauri, kwana biyu sai ka ga ya saɓule. A asibitocinmu wannan aiki a wuyan ɗan jinya yake faɗawa, amma ba kowa ke tsayawa ya koya masa ba. Kuma ka gaya mini, wane ɗa ne zai iya juya mahaifinsa duk bayan awa biyu, alhali duk taɓawa sai ya yi ƙara? Dole ka ƙyale shi yadda ya fi jin dama. Da an kwantar da ciwon, da juyawar ta yiwu. Gaskiya ne a kwanakin ƙarshe fata kan lalace ko da an yi iya yi, don jini ya rage zagayawa, amma ba a cewa haka sai bayan an yi iya yin.

Yanzu ga abin da a ganina ya fi kowanne nauyi, wato shirun da aka yi muku.

Wanda ya daɗe a ɗakin marasa lafiya yana gane alamun tafiya: barci ya yawaita, abinci ya fita a rai, fitsari ya ragu, magana ta ja baya. Muna gani, mu yi ƙus-ƙus a tsakaninmu wajen miƙa aiki, mu fito mu ce wa iyali "da sauƙi, a ci gaba da addu'a". Dalilan suna da yawa. Ba a koya wa yawancinmu yadda ake isar da mummunan labari ba. Likita yana tsoron a ce ya yi da'awar sanin gaibu, ko ya yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ƙananan likitoci ne ke kwana da majinyaci, suna jiran babba ya faɗa, babban kuma zagayensa na minti uku ne a kan kowane gado, ɗalibai na biye da shi. Su ma iyalai wani lokacin su ne ke tare ƙofa su ce kar a faɗa. A ƙarshe rubuta wani gwajin ya fi zama a yi magana sauƙi, don gwaji yana nuna kamar ana yin wani abu. Shi ya sa ana gobe Baba zai cika aka miƙo muku takardar hoto.

Wannan bayani haƙƙi ne da doka ta tanada. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da lafiyarsa ke ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da 'yancinsa na ƙin amincewa, kuma a yi masa da harshen da yake ji. Kundin haƙƙoƙin majinyata da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a Yulin 2018 ya maimaita wannan, ya haɗa da haƙƙin a mutunta mutum da haƙƙin kai koke. Kuma ana iya faɗar maganar da Hausa tsaf ba tare da an taɓa imanin kowa ba. Ni ga yadda nake yi: in nemi wuri mu zauna, ba a tsaye a baranda ba, in tambaye su me suka fahimta game da ciwon, sannan in ce, "Ciwon Baba ya fi ƙarfin maganin da muke da shi. Rai a hannun Allah yake, babu wanda ya san rana, amma a abin da muka saba gani, idan jiki ya kai haka kwanaki ake lissafi. Abin da ya rage a hannunmu shi ne kar ya sha wahala, kuma wannan za mu tsaya a kai. Kuna son ya zauna nan ne, ko gida ya fi masa?" Ban taɓa faɗar haka wani ya zage ni ba. Kuka ake yi, sannan a fara kiran waya.

Dubi abin da shirun ya ci muku. Kuɗin gwaje-gwajen da ba za su sauya komai ba, shi ne mafi ƙanƙanta. Da kun sani, da an kira na nesa sun zo sun same shi yana gane mutane. Da an tambaye shi wasiyya, da bashin da ake bin sa da wanda yake bi, da an yafi juna. Da wataƙila shi da bakinsa ya ce a mai da shi ɗakinsa, ya ji kiran sallar masallacin unguwarsu, Hajiya na zaune a gefensa ba wanda zai ce mata lokacin ziyara ya wuce. Waɗannan ba sa dawowa, kuma su ne nake jin zafinsu a madadinku.

Game da daren ƙarshe, ina so ka raba abu biyu a zuciyarka. Zuwan nas ba zai tsayar da komai ba. Amma ya wajaba ta zo. Akwai abin yi a wannan sa'ar: a kwantar da shi a gefe don majinar da ta taru a maƙogwaro ta sauka, a rage ƙarin ruwa in yana ƙara masa nauyin ƙirji, a ba da maganin da ke rage majinar, a ja labule, sama da duka a dube ka a ce lokaci ya kusa, kira wanda za ka kira. Idan ka ji wannan ƙarar gargarar, ko ka ga numfashi yana tsayawa yana dawowa, ko ƙafafu sun yi sanyi, ka sani yawanci a wannan mataki mai tafiyar ya yi nisa, ƙarar ta fi damun mai saurare fiye da mai yin ta. Kuma a abin da muka lura da shi, ji yana cikin abin da ke daɗewa bai ɗauke ba. Duk addu'ar da ka yi a kansa, duk kalmar shahada da ka laƙƙana masa a kunne, kar ka ɗauka a banza ta tafi.

Zan gaya maka abin da ke bayan teburin nan, don ka san inda gizo ke saƙar, ba don in wanke kowa ba. A farkon 2024 hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista ta ce sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kimanin 16,000 sun fice cikin shekara biyar zuwa bakwai. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, Najeriya mai masaukin baƙi ta kwashe shekaru ba ta kai rabin haka ba. Sakamakon shi ne nas ɗaya ko biyu a ɗaki cike da gadaje tun daga dare har safiya.

Ni ma na taɓa zama wadda ba ta zo ba. Wani dare, ni da ɗaliba ɗaya ne a ɗakin, wani bawan Allah yana aman jini a gadon farko, hankalina duk yana kansa. Can gadon ƙarshe kusa da taga akwai wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki yana ta nishi yana fizgar zani. Ɗansa ya zo sau biyu, na ce ina zuwa. A raina na riga na yanke cewa ruɗewar tsufa ce. Bai sake dawowa ba. Sai wajen asuba na ƙarasa, na ɗora hannu a mararsa na ji ta yi tauri kamar ƙwarya. Na ɗaga zani, ashe robar fitsarin ce ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinyarsa. Na miƙe ta, nan take jakar ta fara cika, dattijon ya ja dogon numfashi, hannunsa ya saki zanin, ya yi barci. Aikin minti ɗaya ne, ya kwana yana jiran sa. Bayan kwana biyu ya rasu, ɗan ya zo har teburina ya durƙusa yana yi mini godiya. Har yau godiyar nan tana yi mini ciwo. Tun daga ranar, duk ɗan jinyar da ya kira ni sai na je na sa ido na sa hannu, ko kuma in gaya masa abin da ya tsare ni da lokacin da zan zo. Ƙarancin ma'aikata yana hana abubuwa da yawa, amma bai hana wannan ba.

Kai shi asibiti da kuka yi kuwa, daidai kuka yi. Mahaifi yana ihu a gida, ina za a kai shi in ba wurin magani ba? Kun yi aiki da abin da kuka sani, waɗanda suka fi ku sani ne suka riƙe saninsu. Da-na-sani ƙeya ce, kar ka bari ta ci ka. Kwana goma sha ɗaya ka yi a ƙasan gadonsa kana ɗauke fo kana goge masa jiki, wannan shi ne rabonka a cikin labarin.

Sai abin yi. Ka samu Yaya cikin ladabi ka nuna masa cewa barin wa Allah da kai koke ba sa karo. Haƙƙinku ne ku yafe, kuma yafiya alheri ce. Amma gadon nan yanzu haka akwai mahaifin wani a kai, kuma wanda ya yi shiru bai taimake shi ba. Sashe na 30 na dokar 2014 ya ba kowa damar kai ƙorafi kan yadda aka bi da shi a asibiti, a kuma bincika. Ku haɗa rasiɗai da takardun magani da na gwaji, ku nemi rahoton jinya a rubuce. Sannan ku rubuta wa shugaban asibitin wasiƙa, ku ba shugabar ma'aikatan jinya kwafi, ku ba ofishin SERVICOM, wanda aka kafa tun 2004 don karɓar koken jama'a a ma'aikatun gwamnatin tarayya. In asibitin jiha ne, hukumar kula da asibitocin jihar ce uwa. Ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Kar ku cika wasiƙar da zafin rai, tambayoyi za ku jera waɗanda sai an buɗe fayil kafin a amsa: wane maganin ciwo aka rubuta masa, sau nawa aka ba shi, akwai mofin a asibitin a kwanakin, in akwai me ya hana, wa ya yi wa iyali bayani kuma yaushe, ma'aikata nawa ne a bakin aiki a daren da ya rasu. Ku nemi zama da babban likitan da sunansa ke kan fayil ɗin. Iyalai da yawa da na sani, zaman nan kaɗai ya sauke musu rabin nauyin.

In an yi biris da ku, akwai gaba. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, tana karɓar koke a kan likita ta takardar rantsuwa, kwamitin bincikenta ya duba, in ya ga akwai abin tuhuma ya miƙa ga kotun ladabtarwa da ke iya gargaɗi ko dakatarwa ko soke rajista. Ma'aikatan jinya ma hukumarsu tana da irin wannan. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya da ayyuka, FCCPC, wadda kundin haƙƙoƙin majinyata ya fito ta hannun magabaciyarta. Kotu ma tana nan, sai dai hanya ce mai tsawo mai cin kuɗi, tana buƙatar wani likitan ya ba da shaida, kuma akwai dokar da ta taƙaita lokacin shigar da ƙara kan jami'an gwamnati zuwa wata uku a shari'o'i da dama, don haka mai wannan niyya ya ga lauya da wuri. Ni dai ba zan ba ka shawarar ka ɗora sunan nas ɗin a Facebook ba. Za a zage ta kwana biyu a manta, akwatin mofin kuma ya ci gaba da zama a kulle. Ƙarfin wasiƙarku ku ɗora shi a kan maganin ciwo da rashin bayani, don nan ne gyara zai amfani na baya. Kuma ka shirya wa jinkiri, wataƙila sai kun koma sau biyu ko uku kafin a kula ku.

Tunda akwai sauran dattawa a gidan, ka riƙe wannan don gaba. Ran da aka kwantar da tsoho mai ciwo mai nauyi, ku zaɓi mutum ɗaya ya zama bakin iyali, ya san sunan babban likita da ranakun zagayensa, ya tsaya a gado a lokacin. Ya tambaya kai tsaye: warkarwa ake nema ko sauƙaƙawa? Duk gwajin da aka rubuto ya ce, in sakamakon ya fito me zai sauya a maganin? In ciwo ya ƙi kwanciya ya ambaci mofin da sunansa, ya tambaya ko akwai sashen kula da masu ciwon da ba ya warkewa ko likitan kashe ciwo. Ya roƙi nas ta nuna masa da hannu yadda ake juyawa, da yadda ake ɗaga kan gado kafin a ba da ruwa ko kunu don kar ya sarƙe, da yadda ake jiƙa leɓe da auduga idan haɗiya ta gagara. In kuma kuka zaɓi gida, kar ku sa hannu ku fice cikin fushi, ku nemi sallama ta ƙa'ida tare da magani da bayanin yadda ake ba da shi, da wanda za a kira idan dare ya yi.

Rashin barcin nan, a makonnin farko ba abin mamaki ba ne ga wanda ya ga abin da ka gani. In ya zarce, ko ihun Baba ya riƙa dawo maka har ya hana ka harkokinka, ka ga likita, kar ka ji kunya. Kafin nan, ka samu littafi ka rubuta kwanakin nan goma sha ɗaya tun suna sabo a kanka, rana da awa, wanda ya zo da abin da ya ce, da ƙarfe nawa ka je kiran nan uku. Da shi za ku rubuta wasiƙar. Ka yi wa Hajiya ta'aziyya a madadina.